An ce idona bai dace da LASIK ba, an ba ni shawarar PRK: wa ya san yadda abin yake?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ido, ko waɗanda aka taɓa yi wa aikin leza. Shekarata 29, ina koyarwa a wata makarantar sakandare da ke wajen garin Sakkwato, kuma tun ina ƙaramar sakandare nake sanye da gilashi saboda ba na ganin nesa. Lambar gilashina mainos 5 ce a idon dama, mainos 4.75 a na hagu, kuma ta kai shekara uku ba ta canza ba. Abin da ya sa na fara tunanin aiki shi ne babur, domin da shi nake zuwa makaranta kullum: da hunturu ƙura ta lulluɓe gilashin har sai na tsaya a bakin titi na goge shi da leɓen riga, da bazara kuma gumi ya riƙa zamar da shi daga karan hanci, da dare fitilun motoci su riƙa tarwatsewa a kansa.

A watan jiya na je wani asibitin ido mai zaman kansa a Abuja da niyyar a yi mini LASIK, wanda shi ne aikin gyaran gani da hasken leza da kowa yake ambata. Bayan an gama gwaje-gwaje, likitar ta ce kaurin koniyata, wato fatar da ta rufe baƙin ido, maikuron 470 ne a dama, 474 a hagu, kuma da irin wannan kauri ba za ta yi mini LASIK ba, sai dai a duba yiwuwar wani aikin da ake kira PRK bayan an sake ɗaukar taswirar idon. Kunya ta hana ni yawan tambaya, na fito ban fahimci komai ba. Idan idona bai iya ɗaukar aikin farko ba, ta yaya zai ɗauki na biyu alhali duka da leza ake yin su? Ina tsoron kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Wanda ya san bambancin, da irin wahalar jinyar, ya taimaka mini da bayani.

Ma'aikaciyar Ido ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni aikina auna ido da rubuta gilashi ne, ba ni ce mai yin tiyata ba, amma tambayarka ta farko lissafi ne ke amsa ta, kuma zan iya yi maka shi.

Koniya ita ce fatar nan garai-garai mai kama da gilashin agogo da ta rufe baƙin ido, kuma kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin da ido ke tattara haske da shi daga gare ta yake fitowa. Ga mai rashin ganin nesa, leza tana kankare tsakiyarta ne domin ta rage mata tudu, haske ya riƙa sauka daidai inda ya kamata a bayan ido. A nan LASIK da PRK ba su da bambanci, na'ura iri ɗaya ce ke yin kankarar. Inda suka rabu shi ne hanyar da ake bi a isa wurin da za a kankare. A LASIK ana fara yanka wani siririn murfi a saman koniya, a ɗaga shi gefe kamar yadda ake buɗe shafin littafi, a kankare ƙarƙashinsa, sannan a mayar da shi. A PRK ba a yanka murfi ko kaɗan. Ana goge fatar da ke can sama ce kawai, wadda kaurinta bai wuce maikuron 50 ba, a kankare abin da ke ƙarƙashinta, a bar ta ta sake tsirowa da kanta cikin kwana uku zuwa biyar.

To ga lissafin. Maikuron 1000 ne ke yin milimita ɗaya, kuma koniyar yawancin mutane tana kaiwa wajen maikuron 540 a tsakiya, taka kuwa 470 ce. Gyaran kowace lamba ɗaya yana cin kamar maikuron 12 zuwa 15, wato mainos 5 zai ci wajen 70. Murfin LASIK yakan kai maikuron 110, kuma ko da an mayar da shi ba ya ƙara riƙe ido da ƙarfin da yake da shi a da, don haka ba a sa shi cikin lissafin abin da ya rage. Idan ka cire 110 da 70 daga 470, saura 290. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada abin da ya rage ya gaza 250, amma likitoci da yawa yanzu ba sa son ya gaza 300. Idan kuwa PRK ce, 50 da 70 za ka cire, saura 350. Wannan ratar ta maikuron 60 ita ce dalilin da ya sa likitarka ta rufe ƙofa ɗaya ta bar ɗaya a buɗe. Abin da ake gudu shi ne koniyar da aka rage mata ƙarfi fiye da kima ta fara turowa gaba bayan shekaru, ganin mutum ya lalace ta hanyar da gilashi ba ya gyarawa sosai.

Kada kuma ka ɗauka PRK wani sabon abu ne da za a gwada a kanka. Ita ce ma babba. Dakta Marguerite McDonald ce ta fara yin ta a idon mutum mai gani a 1988 a birnin New Orleans na Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 1995, LASIK kuwa sai a ƙarshen shekarun 1990 ta samu wannan amincewa. Abin da ya sa LASIK ta fi suna shi ne sauƙin jinya, domin mutum yakan wayi gari yana gani tar ba tare da wani zafi ba, amma idan aka auna idanun biyu bayan wata shida, sakamakonsu ga mai lamba irin taka kusan ɗaya ne. Shi ya sa har yau ake fifita PRK ga sojoji da 'yan dambe da duk wanda ake tsoron wani abu ya buge shi a ido, tunda babu murfin da zai goce.

Baban Khalifa, Runjin Sambo, ya rubuta:

Ƙanena, ni an yi mini PRK shekara huɗu da suka wuce a Alkahira, bisa dalili irin naka, don haka bari in faɗa maka abin da lissafi ba zai nuna maka ba.

Aikin kansa ba komai ba ne. An ɗiga mini maganin kashe zafi, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon don kada in ƙifta, aka ce in kalli wata 'yar fitila. Lezar ba ta kai minti ɗaya tana aiki a kowane ido ba, kuma abin da na fi tunawa shi ne wani ƙauri kamar na gashin da aka babbaka. Daga nan aka manna mini wani ɗan gilashin roba mai laushi a kan ƙwayar idon a matsayin bandeji, aka ce in tafi masauki. Har na fara cewa a raina ashe abin da ake ta kururutawa ke nan.

Da yamma maganin ya sake ni. Kwana na biyu da na uku su ne ban taɓa mantawa da su ba, domin ji nake kamar an zuba mini yashin gulbi gauraye da barkono a ido, hawaye suna zuba ba kuka nake ba, hanci yana yoyo, hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ma ya ishe ni. Wanda ya raka ni shi ne yake karanta mini sunayen kwalaben maganin ɗigawa, shi ke duba mini lokaci, domin ko lambar da ke jikin waya ba na iya gani. Kada ka kuskura ka je kai kaɗai. A kwana na huɗu zafin ya faɗi gaba ɗaya kamar an cire ƙaya, a na biyar aka cire bandejin. Ganin kuwa bai dawo nan take ba: mako biyu na yi ina ganin rubutu da inuwa a gefensa, wata rana ya washe wata rana ya dushe, kuma sai da na kusa wata guda kafin na yarda da kaina in tuƙa mota da dare. A wata na uku ne ganin ya zauna, kuma har yau ban koma ga gilashi ba, alhamdu lillahi.

Game da alwala, likitan ya hana ruwa shiga idon a makon farko, don haka da jiƙaƙƙen hannu nake shafa fuska ido a rufe, bayan na tambayi malami tun kafin tafiya. Kai ma ka yi wannan tambayar da wuri. Kuskuren da ni na yi shi ne na dawo Sakkwato a tsakiyar Janairu, hunturu yana kan ganiyarsa, na sha fama da bushewar ido har kwalbar hawayen roba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido, ba ta yi mini mako biyu. Da zan sake, ba zan zaɓi wannan lokacin ba.

Hajiya Nas mai ritaya ta rubuta:

Ɗana, Allah shi ba ka lafiya. Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen ido kafin in yi ritaya, kuma ba zan hana ka ba, amma akwai abin da 'yan'uwanka biyu ba su taɓo ba wanda ni shi ya fi damuna.

Bayan PRK ana ɗora mutum a kan maganin ɗigawa mai sitiroyid, wato mai rage kumburi, na makonni, wani lokaci har watanni, domin a hana koniya yin wani hazo-hazo yayin da take warkewa. Wannan magani yana ɗaga matsin cikin ido ga wasu mutane ba tare da sun ji komai ba, kuma mu baƙar fata gilokoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ta fi kama mu da wuri, ta fi kuma yi mana ɓarna. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna wajen mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ita, kuma ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Saboda haka tambayata gare ka ita ce, idan an yi maka aikin a Abuja ka dawo gida, wa zai riƙa auna maka matsin ido a lokacin da kake kan wannan magani? Tun kafin ka tafi ya kamata ka buɗe kati a sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani asibitin ido da ka yarda da shi a nan, a san da zamanka. Ka kuma bincika a danginku ko akwai wanda ido ya mutu masa a hankali ba tare da yanar ido ba. Kuma ranar da likita ta ce a daina maganin, a daina. Na ga mutanen da suka ji daɗinsa suka ci gaba da sayensa a kemis da kansu, abin bai yi kyau ba.

Abu na biyu, duk takardun awon da aka yi maka kafin aiki ka karɓi kwafinsu ka adana tare da takardun makarantarka. Koniyar da aka kankare tana sa na'urar auna matsi ta nuna lamba ƙasa da ta gaskiya, don haka duk likitan da zai duba ka nan gaba sai ka gaya masa an yi maka leza. Haka kuma idan Allah ya ja kwana har yanar ido ta zo, ana buƙatar sanin tarihin idon wajen lissafin gilashin da za a dasa maka. Sannan kada wani ya ce maka ka rabu da gilashi har abada, domin idan ka haura shekara 40 na karatu zai zo maka kamar yadda yake zuwa wa kowa.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fahimci lissafin. Hajiya, na tambayi mahaifiyata, ta ce ba ta san wanda ya makance a danginmu ba in ban da kakanmu da aka cire wa yana. Amma akwai wani abu da na tuna: likitar ta tambaye ni ko ina yawan murza ido, na ce a'a, alhali kuwa ina yaro na yi fama da ƙaiƙayin ido sosai, har farin idona ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma har yanzu idan ƙura ta taso nakan murza shi da bayan hannu. Ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Shin wannan yana da alaƙa da taswirar da ta ce a sake ɗauka? Wani abokina kuma ya ce in manta da PRK in nemi SMILE, wai ita ce ta zamani kuma ba ta da zafi.

Ma'aikaciyar Ido ta rubuta:

Malam, wannan da ka ɗauka ƙarami shi ne mafi girma a duk abin da ka faɗa, kuma ina roƙonka ka kira asibitin ka gyara amsar da ka bayar kafin ka koma.

Ƙaiƙayin da ka kwatanta ciwo ne sananne a ƙasashe masu zafi da ƙura irin namu, yana kama yara, musamman maza, kuma yawanci yana lafawa bayan balaga. Matsalar ita ce shekarun da yaro ya yi yana murza ido suna da alaƙa da wata cuta da ake kira keratokonas, inda koniya ke raguwa a kauri tana tsini gaba kamar kan tulu maimakon ta zauna a zagaye. A farkonta ba a ganin ta da ido, gilashi ma yana iya gyara ganin mutum sarai, sai taswirar da ke auna tudu da kwarin koniya gaba da baya, irin wadda na'urar Pentacam ke fitarwa, ita ke tona ta. Koniya marar kauri iri biyu ce. Akwai wadda haka Allah ya halicce ta, siffarta daidai, ba ta canzawa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu domin an lura koniyar baƙar fata takan ɗan fi ta Turawa rashin kauri; irin wannan ita PRK ta dace da ita. Akwai kuma wadda rashin kaurinta alamar cuta ce da ta fara, kuma ita ko PRK ba a gaggauta yi mata, domin duk abin da aka kankare ƙarin rauni ne. Lissafin da na yi maka a sama yana aiki ne kawai idan taswirar ta fito lafiya. Ina ganin likitar da ta ƙi karɓar kuɗinka ranar farko ta ce sai an sake awo, ta cancanci ka saurare ta.

Idan taswirar ta nuna keratokonas tana ci gaba, maganar ta tashi daga rabuwa da gilashi ta koma tsayar da cutar. Akwai aikin ƙarfafa koniya da aka ƙirƙiro a birnin Dresden na Jamus a ƙarshen shekarun 1990, inda ake jiƙa ta da sinadarin bitamin B2 sannan a haska mata wani nau'in hasken da ke sa zaruruwanta su ƙara ɗaurewa da juna. Ba ya raba mutum da gilashi, hana abin ƙaruwa yake yi.

Maganar abokinka kuwa, SMILE aiki ne na gaske, na'urar kamfanin Zeiss ce ta fara yin sa, kuma Amurka ta amince da shi a 2016. Leza ce ke yanka wani ɗan faifai a cikin naman koniya, a zaro shi ta wata kafa da ba ta wuce milimita 2 zuwa 4 ba, babu murfi babba, jinyarsa kuma ta fi ta PRK sauƙi nesa. Sai dai faifan daga ƙarƙashin wani rufi mai kaurin da ya kai ko ya ɗan ɗara na murfin LASIK ake ciro shi, don haka lissafin abin da ya rage bai bambanta da na LASIK sosai ba, kuma mai maikuron 470 ba lallai ne ya samu shiga ba. Hanyar da ba ta kankare koniya sam ita ce dasa ɗan gilashi mai laushi a cikin ido, bayan baƙin ido kuma gaban gilashin halitta da ake haifar mutum da shi a cikin ido, wanda ake kira ICL. An fi yin sa ga masu babbar lamba ko waɗanda leza ba ta dace da su ba, amma tiyata ce ta cikin ido, tana da nata sharuɗɗan awo, kuma ta fi tsada.

Idan kuwa taswirar ta fito lafiya aka tsayar da PRK, to ka ɗauki darasi daga Baban Khalifa game da lokaci. Hazon da Hajiya ta ambata ya fi samun masu babbar lamba da waɗanda rana ke dukan idonsu a watannin farko, kuma ka san ranar Sakkwato a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Likitoci da yawa suna shafa wani magani da ake kira maitomaisin C na 'yan daƙiƙu a lokacin aikin domin rage wannan haɗari, ka tambayi likitarka ko za ta yi amfani da shi. Za ka buƙaci baƙin gilashi na gaske mai tare hasken rana mai cutarwa, mai rufe gefe da gefe, ka riƙa sa shi duk lokacin da ka fita na tsawon watanni, wanda ke nufin a kan babur dai ba ka rabu da gilashi nan kusa ba, sai dai wannan ba shi da lamba. Kwalli ma sai ka ajiye shi har likita ta ba da izini, murza ido kuwa ka daina daga yau ko da ba a yi aikin ba. A matsayinka na malamin makaranta, babban hutun ƙarshen shekarar karatu ya fi dacewa da kai, domin ya faɗo cikin damina, ƙura ta kwanta, kuma kana da makonnin da ba sai ka duba allo ko takardun jarrabawa ba. Ka yi shirin zama a Abuja aƙalla mako guda har a cire bandejin, da kuɗin komawa bayan wata ɗaya da kuma bayan wata uku, ka haɗa su cikin kuɗin aikin tun yanzu.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Na kira asibitin da safiyar nan na gaya musu batun ƙaiƙayin. Likitar ta ce in fara zuwa a duba ni a nan gida a kwantar da shi tukuna, in daina murza idon gaba ɗaya, sannan in je a ɗauki taswira ta biyu bayan wata uku domin a kwatanta ta da ta farko. Ta ce kafin nan ba za a sa ranar komai ba. Gobe in sha Allahu zan je in buɗe katin da Hajiya ta ce, kuma idan sakamakon ya fito zan kawo muku lambobin a nan.